Fitilar santsi ta kama a dashbod: inda sensocin suke da yadda nake binciken su

Shekarata goma sha bakwai ina aikin wayarin mota a Gombe, ta wajen Tashar Dukku, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini mota a kan fitilar nan mai ruwan ɗorawa ba, wadda aka zana 'yar mota da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta kamar sawun maciji. A Toyota ana rubuta VSC, a Honda VSA, a Nissan VDC, a BMW DSC, a Mercedes da Volkswagen da Peugeot kuwa ESP. Sunan ne ya bambanta, aikin ɗaya ne. Mafi yawan masu motocin suna zuwa ne da hukuncinsu a baki: "Oga, an ce sensa ce ta mutu, nawa ake sayar da ita?" Amsata kullum ita ce a bari mu tambayi sensar tukuna, domin tana magana idan an san yadda ake sauraronta. A motocin da suka biyo ta hannuna, waɗanda sensar kanta ta mutu su ne 'yan kaɗan.

Kafin a taɓa sifana, ya kamata ka san abin da wannan tsari yake yi, don wanda bai san amfaninsa ba shi ne yake yarda a liƙe fitilar da baƙin salatif. Kwamfutar birki tana yi wa kanta tambaya biyu a kowane lokaci: ina direba yake son zuwa, kuma ina motar ta nufa? Amsar farko tana samun ta daga sensar da ke cikin wuyan sitiyari, mai auna digiri nawa ka murɗa. Amsa ta biyu tana fitowa daga sensocin tayoyi huɗu, da sensar juyi mai auna yadda jikin motar yake kewayawa hagu ko dama, da sensar ture mai auna yadda kwana take tura motar gefe. Idan amsoshin biyu suka saɓa, sai kwamfutar ta rage ƙarfin inji, ta kama birkin taya ɗaya tak. In bayan motar ne ya ƙwace a kwana, tayar gaba ta waje take kamawa. In gaban ne ya ƙi shiga kwanar, tayar baya ta ciki take kamawa. Ƙafar ɗan'adam ba ta iya wannan, tunda fedar birki ɗaya ce.

Bosch da Mercedes ne suka fito da shi a 1995, Toyota ma ta saka nata a wannan shekarar. Ya yi suna bayan 1997, lokacin da wata ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a ƙasar Suwidin, kamfanin ya koma saka shi a jikinta. Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Saboda haka 'yan Beljiyam ɗin da ake shigo mana da su yanzu kusan duk suna da shi. Wanda ya taɓa kauce wa saniya tsakanin Alkaleri da Gombe da magariba, ko ya shiga kwanonin Kaltungo ana yayyafi, ya san ba don ado aka saka shi ba.

Abu na farko, ka lura da yadda fitilar take kamawa. Idan tana ƙiftawa lokacin da ka shiga yashi ko taɓo sannan ta ɗauke, wannan lafiya ce, tsarin yana aiki ne. Idan ta tsaya cak ba ta mutuwa, to ko dai an kashe tsarin ko akwai matsala. Duba madannin da aka rubuta OFF a jikinsa, yawanci ƙasa da sitiyari ko kusa da giya. Yara suna danna shi, masu wankin mota ma suna danna shi da tsumma ba su sani ba.

Inda suke ɓoye

Sensar juyi da ta ture yawanci a ƙunshi ɗaya suke, ɗan akwati da bai fi kwalin ashana biyu ba, baƙi ko na alminiyam, ɗaure da noti biyu a kan ƙarfen ƙasan mota. Ana ajiye shi kusa da tsakiyar nauyin motar, don a nan ne yake jin juyi na gaskiya. Wurare uku nake fara dubawa: ƙarƙashin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, daf da birkin hannu ko bayan giya, ƙarƙashin kujerar direba, ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. A kujera, sai ka tura ta baya ko ka kwance ta, ka ɗaga kafet. A Golf 4 mai ESP suna can ƙarƙashin dashbod ta wajen wuyan sitiyari. A motocin da suka fi sabunta kuwa kada ka wahalar da kanka, da yawansu an shigar da sensar cikin kwamfutar jakar iska ko cikin kwamfutar ABS, wato kwamfutar birki, babu wani akwati na daban da za ka gani.

Ga yadda za ka gane ta: soket ɗinta ƙarami ne mai waya huɗu zuwa shida, kuma sau da yawa akwai kibiya a jikinta mai nuna gaban mota. Idan ka ga babban akwati mai soket ruwan ƙwai, wannan na jakar iska ne, ka janye hannunka. In har aikin ya kai ga kusantar wayoyin nan masu ruwan ƙwai, ka cire kan batir, ka jira aƙalla daƙiƙa 90. Haka nake tilasta wa yarana, kuma ina tsaye a kansu har lokacin ya cika.

Sensar sitiyari tana bayan sitiyarin, manne da faifan wayar nan mai naɗewa wadda take kai wuta ga oda da jakar iska. A wasu motocin masu sitiyarin lantarki tana cikin injin sitiyarin. Sensocin tayoyi kuwa kowa ya san su, ɗaya a bayan kowace taya, kansu yana leƙen boris.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Batir nake fara aunawa, ko da mai motar ya rantse sabo ne. A kashe, batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6. In inji yana aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin Maris da Afrilu na garin nan yana gama da batir da wuri, kuma kwamfutar birki ba ta jure ƙarancin wuta, da ta ji ƙasa-ƙasa sai ta kunna fitila. A Toyota lambar wannan ita ce C1241. Ka duba kawunan batir ma, farin gishirin nan da yake taruwa a kansu ya isa.

Daga nan sai tayoyi. Mu nan mun saba da haɗa taya, a sayi guda ɗaya ta hannu a wajen mai faci, lambarta daban da sauran ukun. Taya mai ƙaramin jiki ta fi juyawa da sauri, kwamfuta kuwa sai ta ɗauka santsi ne. Ka karanta lambobin huɗun duka, su zama iri ɗaya, iska ma daidai. Sannan ka sa wani ya taka birki ka leƙa baya. Makunnin da ke saman fedar birki idan ya lalace yana kunna fitilar nan, kuma kuɗinsa bai kai komai ba in aka kwatanta da sensa.

Ga wani abu da masu Toyota ya kamata su riƙe. Idan fitilar inji ta kama tare da VSC da TRAC OFF, wato fitilar tsarin hana taya sulɓi, lokaci ɗaya, yawanci ba a birki gizo yake saƙar ba. Kwamfutar inji ce ta sami matsala, ko fulogi ko koyil ko sensar hayaƙi, sai ta birki ta janye kanta, ta ajiye lamba C1201. Gyara injin, ka share lambobin, fitilu ukun za su tafi tare. Na ga wanda ya canza sensar juyi har sau biyu alhali koyil ɗaya ne ya ƙone.

A sa mata kwamfuta, amma wadda take shiga birki

'Yar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da waya yawanci inji kawai take karantawa. Za ta ce maka babu matsala alhali fitila tana kallonka. Kana buƙatar wadda take shiga sashen ABS. A Toyota, ga lambobin da na fi cin karo da su: C0200 da C0205 na tayoyin gaba ne, dama da hagu, C0210 da C0215 na baya, C1231 sitiyari, C1234 sensar juyi, C1210 da C1336 kuwa suna cewa ba a yi saitin sifili ba, wato ba a nuna wa motar mene ne miƙe, mene ne tsaye ba. Masu farawa da U, irin U0123 da U0126, ma'anarsu kwamfuta ta kira sensa ba ta amsa ba, kuma wannan ya fi nuna waya ko soket ko fis.

Lamba ba ta cewa ka sayi kaya. Unguwa kawai take nuna maka, gidan kai za ka nemo shi. Shi ya sa nake shiga shafin da yake nuna ƙididdiga kai tsaye, motar tana kunne.

Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba a miƙe. A allon za ka ga layin da aka rubuta Yaw Rate, shi ne juyi, ana auna shi da digiri a daƙiƙa. Mota a tsaye ba ta juyawa, don haka dole ya zauna a sifili ko daf da shi. Na ture ma haka. Na sitiyari shi ma ya kasance kusa da sifili, in ka murɗa hagu ya hau a hankali, in ka murɗa dama ya sauka zuwa ɗaya ɓangaren, ba tsalle, ba tsayawa. Sai ka ɗauki yaro ya riƙe kwamfutar, kai ka tuƙa a fili. Ni filin bayan garejinmu nake kewayawa. Kwanar hagu ta ba da lamba ta gefe ɗaya, ta dama ta ba da kishiyarta, in ka miƙe ta dawo sifili. Sensocin tayoyi huɗu kuma su riƙa faɗin gudu ɗaya a kan miƙaƙƙiyar hanya. Wadda ta faɗi sifili ko take ɗaukewa, ka samo bakin zaren.

Akwai gwajin da na fi so, don yana raba gardama nan take. Kwance notin sensar juyi, ka bar soket ɗinta a haɗe, makulli a kunne. Ɗora ta a tafin hannunka ka juya ta hagu da dama a hankali. Lambar juyi za ta motsa tare da hannunka, ta koma sifili da ka tsaya. Karkata ta gefe, lambar ture za ta hau, in ka tsayar da ita a kan gefenta sosai za ta kai wajen 9.8, wato nauyin jan ƙasa. Sensar da ta yi wannan tana da rai. A cikinta wani ɗan siririn silikon ne da ido ba ya gani yake karkarwa ba tsayawa, juyin mota yana karkatar da karkarwar, shi ake aunawa. Saboda haka ba a yar da ita a ƙasa, ba a ƙwanƙwasa ta da sifana a ce ana farkar da ita.

In ba ta amsa ba, har yanzu kada ka yanke mata hukunci. Auna soket: wuta tana zuwa? Waya mai zuwa jikin mota tana da kyau? Tsofaffin sensoci suna karɓar bolt 5, suna mayar da wajen 2.5 in mota tana tsaye. Sababbi suna magana ta wayoyi biyu da aka murɗe tare kamar igiya, waɗanda ake kira CAN. In ka cire batir ka auna tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin da ake haɗa kwamfutar bincike, wanda yake ƙarƙashin sitiyari, ya kamata ka ga kusan om 60.

Ruwa

A Gombe babban abokin gabar sensar nan ruwa ne. Garin a kwari yake, in ruwan Agusta ya sauko tituna sukan zama rafi. A daminar da ta wuce wani Alhaji ya kawo mini Camry ɗinsa daga Tunfure, an riga an faɗa masa kuɗin sensa, har ya zo da su a aljihu. Da na sa hannu a kan kafet, sama a bushe yake ƙamas. Na ɗaga shi, na danna soson da ke ƙasa da yatsa, sai ruwa ya taso ya cika ramin yatsan, ga wani wari kamar na tsohuwar randa. Na zare soket, biyu daga cikin haƙoransa sun yi kore shar kamar gansakuka, ɗaya har ya fara cinyewa.

Na ce, "Alhaji, ka shiga ruwa da motar nan?"

Ya ce, "Kwana goma da suka wuce, amma bai kai ƙofa ba."

Ba sai ya kai ƙofa ba. Akwai robobin toshiya a ƙasan mota, guda ɗaya ta faɗi. Muka fitar da kafet muka shanya a rana wuni biyu, muka wanke soket da maganin fesawa na wayoyi da ɗan buroshi, muka canza haƙorin da ya ci, muka toshe ramin. Sensarsa ta asali ita ce a motar har yau. Bayan ambaliya, sai masu wankin mota da suke sa tiyo a cikin ɗaki, sai kuma bututun zubar da ruwan esi idan ƙura ta toshe shi, ya riƙa ɗiga ciki. Duk wanda ya canza sensa bai busar da soso ba, zai dawo.

Sensar taya kuma, garin ƙarfe da laka ne suke taruwa a kanta, ko wayarta ta gogi taya ta tsinke ta ciki. Tsohuwar ƙira mai naɗin waya ana auna ta da mita, takan ba da tsakanin om 800 zuwa 2000. Sabuwar ƙira ba a auna ta haka, a kwamfuta ake kallonta. In fitila ta kama ne washegarin canza boris, ka tambayi makanike ta wace fuska ya dasa shi. Boris da yawa suna da maganaɗisu a fuska ɗaya, kuma wannan fuskar ce dole ta kalli sensa.

Saitin sifili

Wannan shi ne aikin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ya fi damuna, domin a nan mota takan yi abin da yake tsoratarwa. Wata Hajiya ma'aikaciyar jinya, mai zuwa Billiri duk mako, ta zo hankalinta a tashe. Ta ce a kwana mai sauƙi motar takan yi gurnani, ta ji an fizge ta gefe kamar an kama birki, alhali ƙafarta tana kan totur. An canza mata tayarod, sitiyari ya karkace, maimakon a daidaita daga ƙasa sai aka zare sitiyarin aka mayar da shi a miƙe. Ido ya ga daidai, amma sensa tana faɗin digiri ashirin da wani abu a kan miƙaƙƙiyar hanya. Kwamfuta ta ɗauka Hajiya tana son kwana motar ta ƙi, sai ta kawo ɗauki inda ba a neme ta ba. Muka mayar da sitiyari mazauninsa, aka yi saitin ƙafa yadda ya kamata, sannan na yi saitin sifili.

Ƙa'idar ita ce: duk lokacin da aka yi saitin ƙafa, ko aka canza kayan sitiyari, ko aka kwance sensar juyi, ko aka canza kwamfutar ABS, a sake nuna wa motar mene ne miƙe, mene ne tsaye. Da kwamfuta mai kyau aikin minti biyar ne. Sharaɗinsa wuri shimfiɗaɗɗe, gangararsa kada ta wuce digiri ɗaya, sitiyari a miƙe, giya a P, ba mai jingina da motar, ba mai rufe ƙofa. Ƙasan garejinmu ba daidai yake ba, don haka dandamalin siminti na wani gidan mai nake zuwa da sassafe.

A Toyota da yawa na shekarun Camry Muscle ana iya yi da 'yar waya. Soket ɗin kwamfuta yana ƙarƙashin sitiyari, ramuka 16, layi mai faɗi 1 zuwa 8, ɗaya layin 9 zuwa 16. Rami na 4 da na 12 suna kallon juna. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka haɗa su ka raba sau huɗu ko fiye cikin daƙiƙa 8, wannan ya share tsohon saiti. Kashe makulli. Haɗa su ka bar su a haɗe, ka sake kunnawa, ka bar motar shiru na 'yan daƙiƙu har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri. Kashe, zare wayar, ka fita ka ɗan yi tafiya a miƙe. Ka ƙirga ramukan da tocila sau biyu, domin a wasu motocin soket ɗin a kife yake, kuma rami na 16 wutar batir ce kai tsaye ko makulli yana aljihunka. In zuciyarka ba ta natsu ba, kai wa mai kwamfuta.

Idan bayan duk wannan sensar ce ta mutu da gaske, ka zare ta ka tafi da ita kasuwa. Lambar da ke jikinta ita ce abin dubawa, ba kamanni ba, don akwatuna biyu sukan zo iri ɗaya sak amma abin da ke ciki daban. Ta Beljiyam tana yi, in ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada ta a tafin hannu kafin ciniki ya faɗa. Wajen ɗaurawa, goge ƙarfen ya fita tas, kibiya ta kalli gaba, noti biyun su ɗauru sosai, kada a sa roba ko kwali a ƙarƙashi, kada a ɗaure da waya. Sannan saitin sifili.

Mai shirin sayen mota kuma, ga abin da nake roƙonsa ya yi tun a wajen dillali. Murɗa makulli zuwa inda fitilu suke kamawa, kada ka tayar. Nemi ta ABS da ta 'yar motar nan mai sawun maciji, dole su kama na 'yan daƙiƙu sannan su mutu da kansu. In ɗaya ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Na buɗe dashbod da hannuna na tarar da salatif a kan ƙwan, na tarar da wanda aka fasa, na tarar da wanda aka haɗa wayarsa da fitilar baƙin mai don su mutu tare. Wannan na ƙarshen ana gane shi ne idan fitilar ta ƙi mutuwa sai inji ya tashi, kuma ta mutu a daidai ƙiftawa ɗaya da ta mai. In ka ga haka, ka ce a kai motar a sa mata kwamfuta a gabanka kafin ka ƙirga ko sisi.